Kofi a Hannu, 'Yan Wasa a Hanya: Me Ya Sa Zakara Ke Rasa Mutanensa?

Ga bayanin abin da muka tattauna a filinmu na wasanni, domin wanda shirin ya wuce shi, da kuma wanda ya ji amma yana son ya riƙe shi a takarda ya sake dubawa. Maganar tamu a kan lokacin hutun kaka ce, lokacin da babu wasa a fili amma kasuwar 'yan wasa ke ci dare da rana. A irin wannan lokaci ne za ka ji gardama ta kaure a wuraren shan ataya daga Maamobi zuwa Nima, daga Kotobabi zuwa Sabon Zango: wane ya tafi, wane ya ƙi sabunta kwantiragi, to wa zai tsaya a gurbinsa? Domin mu fahimci abin da kyau, za mu fara da ƙwallon Amurka, inda dokokin wannan kasuwa suke a rubuce filla-filla, sannan mu dawo gida wajen Hearts da Kotoko.

Me ya haɗa mu da ƙwallon Amurka?

Wataƙila ka ce, mu da muke kallon Firimiyar Ingila, ina ruwanmu da wasan da ake rungumar ƙwallo ana gudu da ita? To ai ruwan namu ya shiga. A watan Mayun 2022 hukumar gasar NFL ta ba ƙungiyar Philadelphia Eagles izinin tallata kanta da neman magoya baya a Ghana, ita ce ƙungiya ta farko da aka ba wata ƙasar Afirka. Wata guda bayan haka, a Yunin 2022, NFL ta yi taronta na farko a nahiyar nan, kuma a Ghana aka yi shi, ƙarƙashin jagorancin tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora, ɗan asalin Nijeriya. Tun kafin nan ma akwai Ezekiel Ansah, haifaffen Accra wanda ya yi makarantar Presec da ke Legon, wanda Detroit Lions ta ɗauka a matsayi na 5 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2013. Akwai kuma Jeremiah Owusu-Koramoah na Cleveland Browns, mai tushe a Ghana.

Ita Eagles ɗin da aka haɗa mu da ita, ita ce ta ci kofin kakar 2024. Ranar 9 ga Fabrairun 2025 a birnin New Orleans ta lallasa Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. Wasan yakan fara ne wajen ƙarfe 11:30 na dare agogon Ghana, 12:30 agogon Nijeriya da Nijar, shi ya sa sai mai tsananin so ke zama ya kalle shi har ƙarshe.

Yadda wasan yake a taƙaice

Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, kamar dai ƙwallon da ka sani. Bambancin shi ne, rukunin da ke kai hari daban, rukunin da ke tsaro daban, akwai kuma rukuni na uku na masu bugun ƙwallo da ƙafa. Da zarar ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, sai 'yan hari su fice gaba ɗaya, 'yan tsaro su shigo. Ka ga kenan 'yan wasan farko kawai sun kai 22. Canji kuma babu iyaka, wanda ya fita yana iya dawowa.

Jagoran 'yan hari shi ne kwatabak, wato mai jefa ƙwallo. A gabansa akwai ƙatti biyar da za mu kira 'yan katanga, aikinsu su hana a taɓa shi. A ɗaya ɓangaren akwai masu kutsawa, aikinsu su fasa katangar su kayar da shi kafin ya jefa. Wasa ne na karo da kokawa, saboda haka rauni abokin tafiya ne. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan 14 su wuce zagayen 'yan zubar da kwallo. A lokacin hutu ƙungiya tana iya tara mutum 90 a sansani, amma kafin a fara kaka dole ta rage su zuwa 53. Bayan su akwai 'yan atisaye 16, da ƙarin gurbi ɗaya na ɗan wasan da ya fito daga wata ƙasa. Riƙe wannan lissafin, don nan ne maganar benci take.

Waɗanda suka ci kofin, ina suka nufa?

A wancan dare na New Orleans, abin da ya karya Chiefs shi ne masu kutsawar Eagles. Sau 6 suka kayar da Patrick Mahomes, wanda ake yi wa kallon gwanin masu jefa ƙwallo na wannan zamani. Josh Sweat yana da biyu da rabi a ciki, wato ɗaya tare suka yi da wani, Milton Williams kuma yana da biyu. To, kafin a cika sati biyar da ɗaga kofi, su biyun duk sun bar gidan. Williams ya tafi New England Patriots a kan dala miliyan 104 na shekara 4. Sweat ya tafi Arizona Cardinals a kan sama da dala miliyan 76 na shekara 4.

Ba su kaɗai ba ne. Darius Slay, mai gadin gefe, ɗan shekara 34 a lokacin, ƙungiyar ce ta sallame shi, ya koma Pittsburgh Steelers. C.J. Gardner-Johnson, mai gadin baya wanda ya cafke ƙwallon abokan hamayya sau 6 a kakar, an yi musayarsa zuwa Houston Texans. Mekhi Becton, ɗaya daga cikin 'yan katanga biyar, ya tafi Los Angeles Chargers. Brandon Graham, dattijon ƙungiyar da ya shafe kaka 15 a cikinta, ya sanar da ajiye takalmi a watan Maris 2025. Hatta kocin da ke tsara hari, Kellen Moore, New Orleans Saints ta ɗauke shi ya zama babban kocinta kwana biyu bayan wasan ƙarshe.

Yanzu ka tsaya ka yi tunani. Ƙungiya ce mai arziki, ga kofi a hannu, ga magoya baya. Me ya hana ta riƙe mutanenta?

Dokar da ke tilasta rabuwa

Amsar tana cikin dokoki uku da aka gina gasar a kansu.

Ta farko ita ce iyakar albashi. Kowace shekara ana yanke adadin kuɗin da ƙungiya za ta iya lissafawa a matsayin albashin 'yan wasanta gaba ɗaya. A 2025 adadin dala miliyan 279.2 ne, a 2024 kuwa dala miliyan 255.4. Ko mai ƙungiyar ya fi kowa kuɗi a duniya, ba zai haura wannan ba. Akwai dabarun rarraba kuɗin sa hannu a kan shekaru masu zuwa, kuma Eagles ta ƙware a kansu, amma bashi ne, ranar biya tana nan tafe. Kamar magidanci ne mai kuɗin cefane ƙayyadadde: in ya sayi nama mai yawa, dole shinkafa ta ragu. Mai jefa ƙwallon Eagles, Jalen Hurts, ya sa hannu a Afrilun 2023 a kan dala miliyan 255 na shekara 5. A 2025 kuma ƙungiyar ta zaɓi ta riƙe Zack Baun, ɗan tsakiyar tsaro, a kan dala miliyan 51 na shekara 3, ta kuma ƙara wa Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo wanda ya ci yadi 2,005 a kakar 2024. Da aka biya waɗannan, kuɗin Williams da Sweat ba su samu ba.

Ta biyu ita ce 'yancin ɗan wasa. Matashin da aka ɗauka daga jami'a yana sa hannu a kwantiragin shekara 4 a kan albashin da doka ta ƙayyade, wanda bai taka kara ya karya ba in aka gwada da na manya. In shekarun suka cika, kwantiragi ya ƙare, yana da 'yancin zuwa inda aka fi taya shi da tsada. Shi Milton Williams a 2021 aka ɗauke shi, shekarunsa huɗu suka cika daidai lokacin da duniya ta gan shi a wasan ƙarshe. Cin kofi talla ne. Duk wanda ya haskaka a ranar, farashinsa ya tashi, kuma sauran ƙungiyoyi 31 suna kallo.

Ta uku ita ce tsarin zaɓen sabbin 'yan wasa. Duk watan Afrilu ana zama zagaye 7 ana ɗaukar matasa daga jami'o'i. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke fara zaɓa, zakara kuma ita ce ta ƙarshe. Wato da gangan aka tsara abin don na sama ya sauko, na ƙasa ya hau. Shi ya sa kare kofi ke da wuya: tun bayan Patriots a kakar 2003 da 2004, sai da aka jira Chiefs a kakar 2022 da 2023 kafin wata ƙungiya ta ci sau biyu a jere.

Ranar da ake neman benci

Mutane da yawa suna auna ƙungiya da taurarinta. Masu tafiyar da ƙungiyoyi kuwa suna auna ta da mutum na biyu da na uku a kowane gurbi. Ga misalai uku da za su nuna maka dalili.

A Disambar 2017 Eagles tana kan gaba a gasar, sai mai jefa ƙwallonta Carson Wentz ya tsinke jijiyar gwiwa a wasa da Los Angeles Rams. Mutane suka ce shi kenan, kaka ta mutu. Amma a benci akwai Nick Foles, wanda ya taɓa zama ɗan wasan farko, ya san aikin. Shi ya ja ƙungiyar har wasan ƙarshe ranar 4 ga Fabrairun 2018, suka doke Patriots ta Tom Brady da ci 41 da 33, aka kuma ba shi kyautar gwarzon wasan. Wannan ne Super Bowl na farko a tarihin Eagles, kuma ɗan benci ne ya kawo shi.

Na biyu, a Fabrairun 2021 Chiefs ta je wasan ƙarshe ba tare da 'yan katangarta biyu na gefe ba, duk rauni ya kwantar da su. Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai, Tampa Bay Buccaneers ta ci su 31 da 9. Gwanintar mai jefa ƙwallo ba ta amfana komai in katanga ta rushe, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, a Janairun 2023 San Francisco 49ers ta zo gidan Eagles wasan kusa da na ƙarshe. Mai jefa ƙwallonta Brock Purdy ya ji rauni a gwiwar hannu tun farkon wasa, wanda ya canje shi kuma ya bugu a ka. Babu na uku. Dole Purdy ya dawo fili alhali ba ya iya jifa, aka ci su 31 da 7. Abin ya kai ga NFL ta dawo da dokar da ta yarda ƙungiya ta ajiye mai jefa ƙwallo na uku don irin wannan rana.

Ita kanta Eagles ta ɗanɗana kuɗar watsewa. Bayan ta sha kashi a wasan ƙarshe na Fabrairun 2023 da ci 38 da 35, kocin hari da kocin tsaro duk sun tafi, manyan 'yan tsaro da dama su ma suka bi. Kakar da ta biyo baya ta fara da kyau, nasara 10 a wasa 11. Daga nan sai ɓaraka ta bayyana: ta faɗi wasa 5 cikin 6 na ƙarshe, Tampa Bay ta yi waje da ita da ci 32 da 9. Ka lura, ramin bai fito a Satumba ba, sai a Disamba, lokacin da jiki ya gaji, rauni ya taru, abokan hamayya kuma sun gano inda ke da taushi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

To yaya Eagles ke tunkarar wannan matsala? Manajanta Howie Roseman yana da al'ada guda: yana ɗaukar magaji tun mai gurbin yana nan. Jason Kelce, shugaban 'yan katanga, ya yi ritaya a Maris 2024, amma tun 2022 aka ɗauko Cam Jurgens yana koyo a gefensa. Kafin a sallami Slay, tun 2024 an ɗauko Quinyon Mitchell da Cooper DeJean, kuma DeJean ne ya cafke ƙwallon Mahomes a wasan ƙarshe ya ruga da ita har gida. A layin masu kutsawa akwai Jordan Davis na 2022, da Jalen Carter da Nolan Smith na 2023, da Moro Ojomo, haifaffen Legas, wanda aka ɗauka a zagaye na 7 a 2023, a 2025 kuma aka sa ran ya cike gurbin Williams. A zaɓen 2025 sun ɗauki Jihaad Campbell a matsayi na 31, sannan Andrew Mukuba, haifaffen Zimbabuwe, domin gurbin Gardner-Johnson.

Duk da haka kafin kakar 2025 akwai damuwa, kuma masu sharhi sun nuna ta da yatsa. Masu kutsawa daga gefe a lokacin yara ne, aka ƙara musu Azeez Ojulari da Josh Uche a kan kwantiragin shekara guda guda. Gurbin mai gadin gefe na biyu kuma a lokacin ba a gama sanin mai shi ba. Kocin hari na kakar 2025, Kevin Patullo, wancan ne karonsa na farko a kujerar. Kuma da ɗan benci ya hau ya zama ɗan wasan farko, shi ma bencin ya yi rami. Dubi Oren Burks: lokacin da Nakobe Dean ya ji mummunan rauni a gwiwa a Janairun 2025, shi ya shigo ya riƙe gurbin har aka ɗaga kofi. Shi ma ya tafi Cincinnati Bengals. Irin wannan tafiyar ba ta cika yin amo a labarai ba, amma ita ce ke cizo in rana ta ɓaci. Ranar 4 ga Satumbar 2025 Eagles ta buɗe kaka da Dallas Cowboys, sai dai amsar tambayar benci ba a ranar buɗe kaka ake samun ta ba.

Mu dawo gida

Yanzu ɗan'uwa, ɗauki wannan ma'auni ka ɗora a kan gasar Firimiyar Ghana. A kaka biyar daga 2021 zuwa 2025, zakaru biyar daban-daban aka yi: Hearts of Oak a 2021, Asante Kotoko a 2022, Medeama a 2023, Samartex a 2024, Bibiani Gold Stars a 2025. Wani zai ce alamar gasa mai zafi ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma akwai wani dalilin: wanda ya ci kofi ba ya kaiwa baɗi da mutanen da suka ci masa.

Kotoko ta 2022 ta ishe mu misali. Ɗan Kamaru Franck Etouga Mbella ya ci mata ƙwallo 21 a gasar. Kaka na ƙarewa koci Prosper Narteh Ogum ya ajiye aiki, Etouga ya tafi Al Masry ta Masar, mai tsaron baya na hagu Imoro Ibrahim ya tafi Al Hilal ta Sudan. A Satumbar shekarar, a zagayen farko na Kofin Zakarun Afirka, RC Kadiogo ta Burkina Faso ta fitar da Kotoko a bugun fenariti a Kumasi, gaban magoya bayanta. Shi ma Yaw Annor na AshantiGold, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a wannan kaka da 22, Masar ya nufa, wajen Ismaily.

Hearts fa? A 2021 ta haɗa kofin gasa da kofin FA ƙarƙashin Samuel Boadu. A Oktoban shekarar ta ci Wydad 1 da nema a Accra, ta je Kasabalanka aka zura mata 6 da 1. A Satumbar 2022 aka rabu da Boadu, a Janairun 2023 Daniel Afriyie Barnieh ya tafi FC Zürich. Zuwa kakar 2023/24, ƙungiyar da aka kafa tun 1911 sai a ranar ƙarshe ta tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni, maƙwabciyarta Great Olympics kuwa ta faɗa.

Ka gwada wannan da Hearts ta shekarar 2000, ƙarƙashin marigayi Cecil Jones Attuquayefio, wadda ta doke Espérance ta Tunisiya ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka, a tsakiyar shekarun da ta ci gasar gida sau 6 a jere daga 1997 zuwa 2002. Su ma 'yan wasa suna tafiya a lokacin, amma ƙashin bayan ƙungiyar ya daɗe tare, kuma in wani ya fita akwai wanda ya riga ya san gidan. 'Yan'uwanmu na Kano sun san irin wannan labari: Ahmed Musa ya bar Kano Pillars zuwa Holan a 2010, duk da haka Pillars ta ci gasar Nijeriya sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014, saboda akwai irin su Rabi'u Ali da suka zauna. Bayan shekaru, a 2022, ita ma ta faɗa ƙaramin rukuni kafin ta dawo a 2023.

Inda muka bambanta da Amurka

A Amurka doka ce ke raba zakara da 'yan wasansa, amma dokar ce kuma ke mayar masa da wani abu. Kowace shekara yana da rabonsa a zaɓen matasa. In ya rasa manyan 'yan wasa fiye da waɗanda ya saya, ana ƙara masa gurabun zaɓe a shekara mai zuwa a matsayin diyya. Kuɗin talabijin na ƙasa ana raba shi daidai tsakanin ƙungiyoyi 32. Babu faɗawa ƙaramin rukuni. Kuma babu wata gasa a waje da ta fi ta kuɗi da za ta kwashe mata mutane.

Mu a nan, rashin kuɗi ne ke raba mu da 'yan wasa, kuma babu mai mayar mana da komai sai abin da muka tanada da kanmu. Ɗan wasan da ke da iyali, aka taya shi da albashin da ya ninka nasa sau da yawa a Masar ko Libiya ko Tanzaniya, wa zai ce masa kar ya tafi? Ƙwallo sana'a ce mai gajeren zango. Abin da ya rage wa ƙungiya shi ne ta tabbata ya tafi da kwantiragi a wuyansa don a biya ta kuɗi, domin a dokar FIFA, in saura wata shida kwantiragi ya ƙare, ɗan wasa yana iya sa hannu da wata ƙungiyar ya tafi kyauta.

Wani abin da ya fi shafar mu 'yan zango shi ne, inda benci ya kamata ya fito, nan ne ake kwashewa tun daga tushe. A da, yaron Nima irin Mohammed Polo sai ya bi ta Hearts, ya ci Kofin Afirka da Black Stars a 1978, kafin ya fita waje. Yanzu dubi hanyar Mohammed Kudus: an haife shi a Nima a 2000, ya fara da Strong Tower ta unguwa, ya shiga makarantar Right to Dream, ya tafi Nordsjælland ta Denmak a 2018 da ya cika shekara 18, ya koma Ajax a 2020, West Ham a 2023, sannan Tottenham a Yulin 2025 a kan kusan fam miliyan 55. Bai taɓa buga Firimiyar Ghana ba. Babu laifi a hanyarsa, abin alfaharinmu ne. Amma tana nuna maka cewa mafi kyawun yaran da ke tashi a fili irin na Kawukudi ba lallai su taɓa saka rigar Hearts ko Kotoko ba. Ƙungiyar da ba ta da idonta a ƙananan kulob na unguwa, sai dai ta riƙa sayen abin da wasu suka rage.

Akwai kuma haƙƙin da masu kulob na unguwa ya kamata su sani. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. A kowace fam miliyan 10, fam dubu 500 kenan. Amma sai yaron yana da rajista a hukumance da sunan kulob ɗin. Kocin da ya raini yaro shekara biyar ba takarda, ya yi wa wani noma.

Abin da za ka duba kafin a fara kaka

Idan ƙungiyarka ta sanar da sayen 'yan wasa goma sha wani abu, kar ka yi saurin tafi. Yawan sabbin fuska sau da yawa alama ce ta yawan waɗanda suka fita. Ga tambayoyin da suka fi amfani.

Daga cikin mutum 11 da suka fi buga wasa bara, nawa suka rage? A gurbin mai tsaron raga, da tsakiyar baya, da mai cin ƙwallo, wane ne na biyu, kuma wasa nawa ya taɓa bugawa? Tunda yanzu ana canjin mutum 5 a wasa, kusan rabin 'yan fili kenan, waɗanda za su shigo a minti na 60 suna ƙara ƙarfi ne ko suna ragewa? Kwantiragin su wa zai ƙare a ƙarshen wannan kaka? Kocin da ya nemi a sayo waɗannan 'yan wasa, shi ne zai horar da su, ko an riga an canza shi? Yara nawa aka ɗauko daga ƙaramar ƙungiyar kulob ɗin? Sannan kuɗin wanda aka sayar, ina suka shiga?

Firimiyar Ghana wasa 34 ce, ga kofin FA, ga doguwar tafiya a mota daga Accra zuwa Samreboi ko Dormaa ko Tamale, ga wasannin Afirka ga wanda ya samu gurbi. Mutum 11 ba za su ɗauki wannan kaya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tafiyar ɗan wasa kuwa babu mai hana ta, ko a Filadelfiya ko a Accra. Abin da ke hannun shugabannin ƙungiya shi ne su san ranar tafiyar tun kafin ta zo, su karɓi kuɗinsu, kuma magaji ya riga ya yi shekara guda yana koyon aiki. Abin da ke hannunka kai mai goyon baya shi ne ka riƙa yi musu waɗannan tambayoyi tun a watan Agusta.

Mai karatu, ko kana Maamobi, ko Lome, ko Kwatano, ko Yamai, ko Kano, muna son jin yadda abin yake a ƙungiyarku: su wa suka tafi a bana, kuma wa kuke ganin zai tsaya a gurbinsu? Ku aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.